Cocin Matisse a Vence: tuba ya yi, ko hannu ne ya gaji?

Tambaya daga wata ɗaliba a Jos: "Malam, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Katolika ce, ina koyon zane. An nuna mana hotunan wani ƙaramin coci da mai zane Henri Matisse ya ƙawata a ƙarshen rayuwarsa. Tagogin sun burge ni ƙwarai, amma zanen Hanyar Gicciye da ke bango ya ɗaure mini kai, sai ka ce yaro ne ya samu gawayi. Kuma an ce mutumin ko coci ba ya zuwa. Shin tsoron mutuwa ne ya sa ya tuba ya yi wannan aiki? Wancan zanen kuma, tsufa ne ya ci hannunsa ko da gangan ya yi shi haka?"

Barka kadai, ƙanwata. Tambaya biyu kika haɗa, ɗaya a kan zuciyar mutumin, ɗaya a kan hannunsa. Ta hannun zan amsa miki da ƙarfin gwiwa, domin zane sana'ata ce, shaidar kuma tana nan a bango, kowa na iya dubawa. Ta zuciyar kuwa iyakata abin da ya faɗa da bakinsa da abin da aka ga ya aikata. A gani na bai yi tuba irin wadda kike nufi ba, hannunsa kuma lafiyarsa ƙalau. Amma amsar ba za ta zauna miki ba sai kin ji yadda aka yi tsoho mai shekara 77 ya tsinci kansa yana gina wa sistoci ɗakin addu'a.

Yadda abin ya faro

An haifi Matisse ranar ƙarshe ta shekarar 1869 a Le Cateau-Cambrésis, arewacin Faransa. Sunansa ya fito a 1905, lokacin da shi da abokansa suka baje zane-zane a Paris da launuka masu kashe ido, ja da kore a inda ba a saba ganinsu ba, har wani mai sharhi ya kira su namun daji. A watan Janairun 1941 aka yi masa babbar tiyata a hanji a birnin Lyon saboda ciwon daji. Ba a sa ran zai tashi ba. Ya tashi, amma daga nan yawancin kwanakinsa tsakanin gado ne da keken marasa lafiya.

A 1942, yana birnin Nice, ya nemi mai jinyar dare. Wata yarinya ɗalibar aikin jinya, Monique Bourgeois, ta amsa. Suka shaƙu, har ya zana ta sau da dama. A 1943 ya bar Nice don gudun ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma Vence, wani ƙaramin gari a kan tudu ba nisa da can. Ita kuma yarinyar sai ta yanke shawarar shiga ƙungiyar sistocin Dominikan, abin da bai yi masa daɗi ba, ta zama Sista Jacques-Marie. Ƙaddara ta sa gidan sistocin na Vence yana kusa da gidansa. Ba su da coci, a wani tsohon gareji suke addu'a. A 1947 ta kawo masa ɗan zanen da ta yi na tagar gilashi mai launi, tana neman shawara. Kafin shekarar ta fita wani matashin ɗan Dominikan, Buroda Rayssiguier, ya ziyarce shi, maganar taga ɗaya ta koma maganar gini sukutum. An aza harsashi a Disambar 1949, Bishop na Nice ya keɓe cocin ranar 25 ga Yuni 1951. Matisse bai samu halarta ba saboda jiki, ɗansa Pierre ne ya wakilce shi.

Cocin ƙarami ne, tsawonsa wajen mita 15, faɗinsa wajen 6. Amma babu abin da tsohon bai sa hannu a kai ba: tagogi, zanen bango, bagadi, gicciyen kan bagadi, mazaunin kyandir, ƙofar ɗakin furta zunubi, rufin tayil fari da shuɗi, dogon gicciyen ƙarfe mai mita 13 a kan rufin, har rigunan da Fada ke sawa a Mas, kala shida.

Maganar tuba

Duba lissafin shekarun tukuna. Ya leƙa kabari a 1941. Da tsoro ne ya tura shi, da a shekarun da suka biyo baya za a ga canji. Me ya yi a lokacin? Zanen ɗakuna, furanni, mata, da wani littafin hotuna mai suna Jazz da ya fito a 1947, cike da 'yan wasan sakos da masu haɗiye takobi. Da ya gama cocin kuma bai zarce da zanen waliyyai ba. A 1952 ya yanka shahararrun hotunansa na mata tsirara da shuɗiyar takarda, a 1953 ya yi katon aikin nan na dodon koɗi. Mutumin da ya shiga aikin cocin shi ne ya fito, da ɗabi'unsa duka.

An yi masa baftisma yana jariri kamar yawancin Faransawan zamaninsa, amma bai riƙe zuwa coci ba. A cikin wancan littafin na Jazz ya yi wa kansa tambayar da kika yi, ko ya gaskata da Allah, ya amsa da cewa e, a lokacin da yake aiki. Ya ce idan ya ƙasƙantar da kansa yana aiki yakan ji kamar wani ne ke taimakonsa, yana sa shi yin abin da ya fi ƙarfinsa. Fada ba zai karɓi wannan a matsayin shaidar bangaskiya ba, amma wanda bai yarda da komai ba ba zai rubuta haka ba. A kan cocin kansa ya ce ba shi ya zaɓi aikin ba, ƙaddara ce ta zaɓe shi dominsa a ƙarshen tafiyarsa. A saƙon da aka karanta ranar keɓewa kuma ya ce aikin ya ci masa shekara huɗu, shi ne sakamakon rayuwarsa duka, kuma duk da kurakuransa ya ɗauke shi a matsayin gwanintarsa mafi girma.

Abokansa ma sun yi irin tambayarki, wasu da zafi. Picasso, wanda a lokacin ɗan jam'iyyar kwaminisanci ne, ya ga abin a matsayin munafunci. An ruwaito ya ce masa da ma kasuwa ya gina ya zana kayan marmari. A ɓangaren cocin kuwa akwai Fada Marie-Alain Couturier, ɗan Dominikan mai kula da mujallar L'Art Sacré, wanda ya gaji da gumakan filasta na kanti da suka cika majami'un Faransa. Ra'ayinsa shi ne gara a kira gwani marar bangaskiya da a kira mai bangaskiya marar gwaninta. Shi ya taimaka aka jawo masu zane su Léger da Chagall da Rouault zuwa cocin garin Assy na Faransa da aka keɓe a 1950. Ba kowa ya yarda da shi ba: a 1951 aka cire gicciyen da Germaine Richier ta ƙera daga wancan cocin saboda ƙorafin masu ibada, a 1952 kuma Vatikan ta fitar da umarni a kan zanen cikin coci. Kin ga ke nan ɗaurewar kan da kika ji ba sabuwa ba ce, manya sun yi faɗa a kanta.

To me ya ja shi, in ba tuba ba? Na farko dai akwai ƙaunar da yake wa Sista Jacques-Marie, wadda ta yi jinyarsa lokacin da ba shi da ƙarfi. Kada a raina wannan. Na biyu, tun yana da ƙarfinsa yake ƙishirwar bango. Ya yi manyan zane biyu na rawa da kiɗa a 1910 don gidan attajirin Rasha Shchukin, ya yi wa Dakta Barnes na Amurka wani a farkon shekarun 1930, amma duk a ginin wani, a ramin da wani ya auna masa. Ba a taɓa ba shi wuri aka ce daga ƙasa har rufi naka ne ba sai da waɗannan sistoci marasa kuɗi suka zo. Na ukun shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na mai zane, kuma shi zai kai mu ga tambayarki ta biyu.

Layi a gefe, launi a gefe

Duk mai zane ya san rigimar da ke tsakanin layi da launi. Ka ja layi mai kyau, da ka cika shi da fenti sai ya mutu. Ka zuba launi ya yi rai, da ka kewaye shi da layi sai ya shiga kurkuku. Matisse ya shafe fiye da shekara arba'in yana wannan kokawa. Bayan tiyatar ya samo dabara ɗaya: mataimakansa su shafe takardu da fenti, shi kuma ya ɗauki babban almakashi ya yanka siffa kai tsaye daga cikin launin, su manna a bango inda ya nuna. Da haka ya tsara tagogin cocin da rigunan Fada, yana kwance a ɗakinsa na otal ɗin Régina a Nice, wanda ya mayar da bangonsa wurin gwaji.

A cocin sai ya raba rigimar gaba ɗaya. Launi duka ya zuba shi a tagogi, kuma uku ne kacal: shuɗi, kore, da ruwan ɗorawa. Layi duka ya kai shi bangon da ke fuskantarsu, baƙi a kan farin tayil mai sheƙi. Rana ce ke haɗa su. Da na shiga ɗakin, abin da ya fara kama ni ba zanen ba ne, daɓen ne. Farin marmara ne, amma launin tagogin ya kwanta a kai yana tafiya a hankali, ya hau ƙafar kujera, ya hau tayil. A gefen inuwa kuma ido na ganin wani ruwan hoda-hoda mai kama da shunayya, alhali babu ja ko ɗigo a gilashin. Akwai wata dabarar kuma da hoto ba ya nunawa: gilashin shuɗi da koren ana hango bishiyoyin waje ta cikinsu, mai ruwan ɗorawan kuwa an dushe shi, haske na shiga amma ido ba ya fita. Hotunan da aka nuna muku a aji, komai kyansu, sun daskarar da abu ne da aka yi shi don ya riƙa motsi daga safe zuwa yamma. Shi ya sa zanen bangon ke fitowa a hoto kamar ba a gama shi ba. Rabinsa yana cikin tagar da ke bayan mai ɗaukar hoton.

Bai faɗa kan wannan tsari dare ɗaya ba. Ya yi tsarin tagogi ya watsar har sau da dama, akwai wanda ya gina a kan Urushalima ta sama, akwai wanda ake kira ƙudan zuma, kafin ya tsaya a kan Itacen Rai, mai ganyaye irin na tsiron ƙaya da ke fitowa a gaɓar tekun can.

Shaidar da ke bango

Zanen tayil uku ne manya. Akwai Waliyyi Dominik, wanda ya kafa ƙungiyar Dominikan, a tsaye kusa da bagadi, tsayinsa ya haura mita huɗu. Akwai Maryamu da jaririnta a tsakiyar wasu siffofi kamar gajimare kamar furanni, jaririn ya miƙe hannuwansa biyu har ya zama siffar gicciye tun yana hannun uwarsa. Sai Hanyar Gicciye, wato matakan tafiyar Yesu zuwa gicciye, a bangon baya.

Ki nemo hoton Waliyyi Dominik ki aje kusa da na Hanyar Gicciye. Mutum ɗaya ya yi su, a lokaci ɗaya, da kayan aiki ɗaya. Ki bi layin alkyabbar Dominik da yatsa daga kafaɗa zuwa ƙasa. Layi ne dogo, a natse, ba rawa, ba tsayawa a hanya. Hannun da tsufa ya ci ba ya iya jan wannan. In akwai inda rauni ke tona kansa, a dogon layi ne. Tunda ya iya wancan a ranakun da ya yi wannan, karkacewar Hanyar Gicciye zaɓi ce.

Shaida ta biyu tana cikin zanen share fage da ya bari, masu yawa, wasu a gidan tarihinsa da ke Nice, wasu a na Vatikan. Na farko-farkon cikakku ne, da inuwa da tsoka da naɗin tufafi, ya zauna ya yi nazarin yadda magabata irin su Mantegna da Rubens suka zana waɗannan al'amura. Daga nan ya riƙa zarewa. Kowane sabon zane ya fi na baya ƙarancin layi, har ya rage abin da in an cire ɗaya labarin ya rushe. Yaro da gawayi yana yin layi kaɗan domin iyakar abin da ya sani ke nan. Wannan tsohon ya san sauran duka, ya ajiye su.

Akwai hotunansa yana zane da gawayi ɗaure a bakin doguwar sandar gora. Mutane kan ɗauka rashin lafiya kawai ya jawo haka, amma tun yana aikin Barnes yake amfani da ita. Nakan sa ɗalibaina su gwada: a manna babbar takarda a bango, a ɗaura gawayi a sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi ko biyu, a zana mutum a tsaye. Minti biyar na farko dariya ce da ƙorafi. Wuyan hannu, wanda shi ne ke yin ƙawa da 'yan dabaru, ya fita daga aikin, kafaɗa da ƙugu ke ja. Ba ka iya zana gashin ido, amma kana ganin mutumin gaba ɗaya yayin da kake zana shi, abin da mai manne hanci a takarda ba ya samu. Ɗaliban da suka fi iya kwafe hoto su suka fi shan wuya a ranar. Ki gwada, ko a bangon tsakar gida ne, za ki gane nawa ne kuɗin layin Dominik.

To me ya sa ya zaɓi kaushi a nan? Ki lura da tsarin. A cocinku matakai 14 ɗin a rarrabe suke a jikin bango, kowanne da firam ɗinsa. Shi ya cusa su duka a fili ɗaya, ya rubuta lamba kusa da kowanne. Ana farawa daga ƙasa ta hagu, a bi zuwa dama, a hau a dawo, a sake hawa, har a kai ga gicciyewar da ke sama a tsakiya. Idon mai kallo ne ke hawan dutsen. Layukan gajeru ne, masu kusurwa, suna karo da juna, babu wurin hutawa. A 1908 wannan mutumin ya rubuta cewa yana mafarkin zane mai natsuwa da zai hutar da mutum kamar kujera mai laushi, kuma an daɗe ana yi masa gori da wannan magana. Duk sauran cocin ya cika wancan alkawari. Bango ɗaya tak ya hana wa natsuwa, kuma ya sa shi a bayan masu ibada, sai sun juya za su fita suke cin karo da shi.

Ina da wani zato a nan, kuma zato ne nawa, ba maganarsa ba. A 1944 'yan sandan Gestapo na Jamus suka kama 'yarsa Marguerite saboda aikin da take wa masu gwagwarmayar ƙwato Faransa, suka azabtar da ita. Ta tsira, ta zo ta ba shi labari. Uban da ya ji wannan daga bakin 'yarsa, in ya zo zana duka da faɗuwa da ƙusa bayan 'yan shekaru, da wuya ya yi musu ado.

Fuskokin da ya bari fayau

Ba ki tambaya ba, amma na san za ki lura: Dominik ba shi da ido ko baki, haka Maryamu da jaririn. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa ya hana mu fuskar, dole mu tambayi tsayuwa da hannuwa. A cikin Hanyar Gicciye fuska ɗaya ce aka zana da ido da hanci da baki, ita ce ta Yesu a kan ƙyallen Veronika, matar da ta share masa fuska, mataki na shida. Tunda ita kaɗai ce, duk inda ido ya yawata a bangon can yake komawa.

Wasu kan ce daga Musulmi ya ɗauko barin fuska haka. Gaskiya ne fasahar Musulmi ta shige shi sosai: ya je Aljeriya a 1906, ya je babban baje kolin fasahar Musulunci a Munich a 1910, ya ga Alhambra a Sifaniya, ya zauna a Tanja ta Maroko a 1912 da 1913. Ana ganin wannan a tayil ɗin, a ganyayen da ke maimaita kansu, da ƙofar ɗakin furta zunubi mai huda-huda kamar tagogin katako na gidajen Larabawa. Amma barin fuska fayau ya yi shi a zanen mata da na yara ma, kuma dalilin da ya bayar na mai zane ne: in ka sa ido da baki ka ɗaure mai kallo ga mutum ɗaya, in ka bar wurin shi zai cika da nasa.

Inda nake ganin kina da gaskiya

Ban ce dole bangon ya yi miki ba. Wasu daga cikin sistocin da aka yi dominsu ma bai kwanta musu ba da farko. Kuma akwai ƙorafi ɗaya da nake ganin yana da nauyi. Hanyar Gicciye, kamar yadda kuke yinta a ranakun Juma'a na lokacin azumi, tafiya ce. Ana tashi daga mataki zuwa mataki, a durƙusa, a miƙe, ƙafa da gwiwa suna cikin addu'ar. Da Matisse ya tattara matakan a bango ɗaya, ya ba ido aikin da ƙafa ke yi. A wajen mai zane wannan nasara ce, domin labarin ya zama abu guda mai bugu ɗaya. A wajen mai ibada kuwa wataƙila an rage masa wani abu. Wannan hukuncin ba na mai buroshi ba ne, ku da kuke durƙuson ku kuka fi ni sanin abin da ke cikinsa, kuma zai yi kyau ki kai wa Fadanku hoton ki ji ta bakinsa.

Matisse ya rasu a Nice ranar 3 ga Nuwamba 1954. Aikin da ya kammala tsarinsa kwanaki kaɗan kafin nan shi ma tagar coci ce, zagayayya, wadda Nelson Rockefeller ya nema don tunawa da mahaifiyarsa a wani ƙaramin coci a Pocantico Hills, jihar New York. Babu waliyyi a cikinta, babu labarin Littafi Mai Tsarki, siffofin ganye ne kawai da launi. In kin samu hotonta ki haɗa da na Vence ki kai aji, ku gwada su da tagogin tsofaffin majami'un Faransa irin na Chartres.